Launin Teku a Ƙasar da Ba Ta da Teku: Sharhi a kan Adon Sababbin Benayenmu

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Yamai, ko na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a ƴan shekarun nan, ba zai rasa lura da yadda gidajen bene suke ta tashi ɗaya bayan ɗaya ba. Masu su da maginansu suna kiran su «duplex». Kalmar tana da fuska fiye da ɗaya: a Faransa tana nufin masauki guda mai hawa biyu da matakala a cikinsa, a Amurka kuwa gini ɗaya ne da aka raba wa iyalai biyu. Mu a nan, kamar maƙwabtanmu na Najeriya, abin da muke nufi da ita shi ne gidan iyali ɗaya mai ƙasa da bisa, falo da madafa a ƙasa, ɗakunan kwana a bisa.

Idan aka yi maka iso cikin wasu daga waɗannan gidaje, za ka tarar da wani ado da ya soma samun karɓuwa: bango fari fat, labule shuɗi mai haske, daɓen karo, wato tayil, ruwan toka, kujeru masu launin rairayi, ga hoton jirgin ruwa an rataye a jikin bango. Mujallun Faransa suna kiran wannan tsari «style bord de mer», wato salon gaɓar teku. Ta wayar hannu ya fi shigo mana: mai gida ko uwargida su ga hoto a Pinterest ko Instagram, su miƙa wa mai fenti wayar, su ce irin wannan suke so. Alhali tsakanin Yamai da tashar jiragen ruwa ta Kwatanu akwai tafiyar fiye da kilomita 1000, kuma da yawa daga cikin yaran da za su girma a waɗannan ɗakuna ba su taɓa sa teku a ido ba.

Wannan sharhi bai zo don ya hana kowa shafa wa ɗakinsa launin da ransa yake so ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake so mu duba tare, mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, shi ne dalilin da ya haifi waɗannan launuka a inda aka haife su, da abin da yake samun su idan aka ɗauko su aka baro dalilin a can. Ra'ayina a taƙaice shi ne, darasin da salon gaɓar teku yake koyarwa na gaskiya ne, amma ɗan Sahel da ya fahimci darasin sosai ba zai kwafi launukan ba.

Asalin salon

Salon gaɓar teku ba gari ɗaya ya haife shi ba. Masu mujallu da masu sayar da fenti ne suka harhaɗo shi daga wurare dabam-dabam, suka yi masa suna guda.

Wuri na farko shi ne tsibiran ƙasar Girka. Farin gidajensu na farar ƙasa ne, abu mai araha, mai mayar da zafin rana, mai kuma kashe ƙwayoyin cuta. Shuɗin da ake haɗawa da ita kuwa, sau da yawa daga garin bula ne, irin wanda uwayenmu suke sa wa farin tufafi wajen wanki. Buƙata da ƙarancin abin hannu ne suka zaɓi launukan, tun kafin masu yawon buɗe ido su zo su ɗauke su hoto.

Na biyu shi ne ƙauyen Sidi Bu Sa'id, wanda yake bisa tudu yana kallon teku kusa da birnin Tunis. Mutane da yawa suna zaton farin bangonsa da shuɗin ƙofofinsa haka nan suka taso bai ɗaya tun kaka da kakanni. Amma doka ce ta 1915, a zamanin mulkin Faransa, ta kare ƙauyen ta kuma mayar da launukan biyu wajibi a kan kowa, bisa ƙoƙarin Rodolphe d'Erlanger, wani attajiri mai zane da nazarin kiɗan Larabawa, wanda ya gina fadarsa a can.

Na uku, wanda kuma ya fi rinjaye a hotunan da ake yaɗawa, shi ne gaɓar arewa maso gabashin Amurka, musamman yankin Hamton, inda attajiran Niyok suke zuwa hutun lokacin zafi tun ƙarshen ƙarni na 19. Gidajen can da katako ake lulluɓe su, kuma iskar teku da rana ne suke mayar da katakon ruwan toka da kansu. Daga nan tokar da ake ta yayi ta samo asali. Fim ɗin Nancy Meyers na 2003, wanda aka nuna a Faransa da sunan «Tout peut arriver», ya fito da irin wannan gida, da kujeru masu haske da darduma mai ratsin shuɗi da fari da faffaɗar madafa fara, kuma masu adon gida sun daɗe suna kwaikwayonsa. Faransa ma ta sa hannu: ratsin shuɗi da fari na jikin matasai yana tuno rigar sojan ruwanta, wadda doka ta tsayar da fasalinta a 1858, kuma hutun ma'aikata mai albashi da aka kafa a 1936 shi ya buɗe wa talakan Faransa hanyar bakin teku.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga wannan tarihi. Na ɗaya, kowane launi a cikin jerin an tsinto shi ne a bakin ƙofar mai gida: rairayin da yake takawa, ruwan da yake kallo, katakon da iska ta ci. Na biyu, salon a siffarsa ta yau na gidan hutu ne, gidan da ake kwana ƴan makonni a rufe a koma birni. Ba a tsara shi don gidan da ake haihuwa, ake suna, ake biki, ake zaman makoki a cikinsa ba.

Abin da ya cancanci yabo

Adalci ne a faɗi alherin abu kafin a faɗi aibinsa. Wanda ya tuna yayin da ya gabaci wannan a falukanmu, wato manyan kujerun karan-miski masu ruwan zinari, furannin roba, labule ninki uku, da silin mai fitilu ja da kore, zai yarda cewa salon gaɓar teku ya zo da sauƙi. Yana taƙaita launuka zuwa uku ko huɗu masu jituwa. Yana barin sarari a ɗaki don ido ya huta, ƙafa ta sami wurin takawa. Yana fifita auduga da katako da igiya da saƙar kaba a kan roba. Waɗannan duka halaye ne na kirki, kuma babu ko ɗaya da yake baƙo ga wanda ya tashi a kan tabarma. Haka nan, fari a saman rufi da bayan bango yana da amfani na zahiri a ƙasa mai rana irin tamu, domin yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa.

Sai dai malamin Faransanci ya kamata ya faɗakar da ɗalibansa cewa farin bango ma yana da tarihi da aƙida. A 1925, a littafinsa «L'Art décoratif d'aujourd'hui», masanin gine-gine Le Corbusier ya yi kira da a cire ado daga bango a shafe shi da fari, har ya raɗa wa kiran nasa sunan dokar Ripolin, da sunan wani fenti. A wajensa fari shi ne tsabtar gida da ta zuciya, ado kuwa tarkace ne. Duk wanda ya karɓi wannan hukunci ba tare da tunani ba, ya riga ya yanke wa zanen gidajen Birnin Damagaram hukunci bai sani ba.

Haske, ƙura da zafi

Launi ba ya rayuwa shi kaɗai, da haske yake tafiya. A gaɓar tekun Amurka ko ta Faransa iska tana ɗauke da laima, hasken rana yana isowa da taushi, kuma wanda ya buɗe taga yana ganin shuɗin ruwa da na sama. Shuɗi mai haske na jikin bango yana amsa wa abin da yake waje ne. A benen Maraɗi kuwa, taga tana buɗewa ga katanga da jar ƙasa da rana mai kaifi. Shuɗin ba shi da abokin magana, sai ya koɗe ya koma kamar na ɗakin asibiti. Farin karo mai sheƙi kuma, idan rana ta faɗo masa ta faffaɗar taga, sai ya mayar da hasken cikin ido, har mai gida ya saki labule da rana tsaka ya kunna fitila. Ga shi an sayi haske da tsada, an koma ana ɓuya daga gare shi.

Sannan ga ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga hamada, har daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma babu ƙofa ko taga da take hana ta shiga. Da bazara guguwar da take gabatar da ruwan sama tana ƙara tata. Farar kujera ta yadi da farin bango ba sa ɓoye komai. Kafin shekara ta kewayo sun ɗauki ruwan ƙasa, launin da aka guje wa tun farko, sai dai a wannan karo ya zo a matsayin dauɗa. Wa yake biyan kuɗin wannan fari? Mai aikin gida da ƴan matan gida, waɗanda suke goge daɓe safe da yamma, da ruwan da ake saye. A hoton da aka gani a waya babu su. Kallon kitse aka yi wa rogo.

Maganar manyan tagogin gilashi ma haka take. A bakin teku ƙasa tana riga ruwa ɗaukar zafi da rana, sai iska mai sanyi ta taso daga teku ta nufo tudu. Mai gida yana faɗaɗa taga ne don ya tare ta. Mu ba mu da wannan iska. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a yawancin garuruwanmu, kuma iskar da take shigowa da rana kamar daga bakin murhu take. Gilashin da ya fuskanci yamma yana shigar da zafi ya tsare shi, rufin kankare yana tara na yini ya sake shi da dare, matakala kuma tana zama hanyar da iska mai zafi take bi ta hau bisa, daidai inda aka sa ɗakunan kwana. Irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. A 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ƙasarmu, masu irin waɗannan benaye da dama sun gane haka a jikinsu.

Abin lura a nan shi ne, gidan tsibiran Girka na asali, wanda shi ma ya san rana mai kaifi, bangonsa mai kauri ne, tagoginsa ƙanana. Ta wannan fuska ya fi kusa da soron kakanninmu a kan benen gilashi. Mun ɗauki launin Girka mun ɗora a kan tagar Amurka, mun bar hikimar kowannensu.

Bene da zaman iyali

Ado ba ya tsayawa a fenti. Yana tafiya da tsarin ɗakuna. Salon gaɓar teku yana son ƙasan gida ya zama fili guda, falo da wurin cin abinci da madafa duk a haɗe, ba bango tsakani. Wannan ya dace da ma'aurata biyu da suka zo hutu da abokansu. Gidan Bahaushe kuwa an gina shi ne a kan matakan kusanci: zaure na baƙo, shigifa ta wanda aka sani, tsakar gida ta iyali, ɗaki na mai ɗaki. Kowane mataki yana da sallamarsa. Idan aka rushe su, baƙon mai gida yana zaune yana kallon uwargida tana tuƙa tuwo, suruki da suruka suna haɗa ido ba shiri, ƙanshin daddawa da hayaƙin suya suna shiga farin labule. Abin da yake biyo baya sananne ne: sai a gina wata ƴar madafa a bayan gida, a can ake girkin gaskiya da gawayi da turmi, ta cikin falo kuma ta zama ta nuna wa baƙi. Falon ma kansa sai a rufe shi, iyali su koma shimfiɗa tabarma a wani lungu. Ɗakin da ya fi cin kuɗi shi ne wanda aka fi ƙaurace wa.

Bene ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Attajirai da sarakuna sun daɗe suna ɗora soro bisa soro. Amma maginin dā yana lura da inda tagar bene take kallo. Barandar da ake yi yau don kallon teku, a unguwar da ba teku, tsakar gidan maƙwabci take kallo, inda matansa suke aikinsu ba mayafi. Kaka kuma, wadda gwiwa ta hana ta hawa, ba a tanadar mata ɗaki a ƙasa ba, domin a zanen da aka kwafo babu kaka.

Ɗakin da aka ƙwace wa magana

A al'adarmu cikin ɗaki fagen mace ne, kuma jere shi ne rubutunta. Ƙore da faya-fayi a dā, daga baya tasoshi da kwanoni da fanteka da langa, ana jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane da wanda ya kawo shi: wannan na uwa ne, wancan gudummawar gwaggo ce, waɗancan na ƙawaye. Mace tana shiga ɗakin amarya ta karanta danginta da zumuncinta a jikin bango. Jere yana da nasa aibin, domin gasa ta sha jefa iyaye cikin bashi. Duk da haka ado ne mai ma'ana, wanda matan gida suke tsarawa da hannunsu.

Mene ne salon gaɓar teku ya kawo a madadinsa? Ƙugiyar tsayar da jirgi ta roba, sitiyarin jirgi na katako, tauraruwar teku da aka zuba a masana'anta, hoton hasumiyar fitila. A gidan masunci na Biritaniyar Faransa waɗannan kaya suna tuna kakan da teku ta ci, ko jirgin da ya ciyar da gida. A Tawa ba sa tuna kowa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada a ɗauka ina ƙin aro ne don aro. Teku ta daɗe da shiga ɗakin Bahaushe. Wuri, wanda muka yi ciniki da shi har farkon ƙarni na 20, muka kuma yi wa ƙwarya da fata ado da shi, daga tekun Indiya yake, musamman tsibiran Maldib. Kwanonin jere ma ta jirgin ruwa suka fara iso mana. Amma dubi abin da aka yi da su: magini ya ɗauki tasa ya dasa ta a tsakiyar rufin soro, inda bakunan gizo suke haɗuwa, ta zama cibiyar ɗaki. Baƙon abu ya shigo, an ba shi aiki da wurin zama, ya zama ɗan gida. Aron yau ya bambanta da wancan ne domin ɗaki ake ɗaukowa sukutum, har da abin da za a rataya a bango, ba a bar wa mai ɗaki abin da za ta ƙara ba.

Shuɗinmu da kalmominmu

Masanin tarihi Michel Pastoureau, a littafinsa «Bleu, histoire d'une couleur» na shekarar 2000, ya nuna cewa Rumawan dā ba su ɗauki shuɗi da daraja ba, sai daga ƙarni na 12 ya soma hawa a Turai, ta hanyar zanen coci da tambarin sarakunan Faransa, har ya zama launin da Turawa suka fi so. Darasin littafin shi ne, al'umma ce take ba launi ma'ana, kuma ma'anar tana sauyawa.

To, mu ma muna da tarihin shuɗi, kuma ba daga teku ya zo ba. Daga ganyen baba ya zo, ta rijiyar marina. Shuɗi ne mai zurfi, wanda yake kusantar baƙi, irin na turkuɗin da ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, a buga shi har ya yi ƙyalli, a kai wa Abzinawa su yi rawani. Marina ba ta tsaya ga tufafi ba: katsin da yake kwantawa a gindin rijiya yana cikin abin da ake haɗa laso da shi, shafen da yake kare soro daga ruwan sama, kamar yadda ake samun makuba daga kwasfar ɗorawa. Launin riga da lafiyar bango daga rami ɗaya suke fitowa. Kuma wannan shuɗi mai duhu yana jure hasken Sahel. Rana ba ta wanke shi a ido kamar yadda take wanke mai haske.

Harshen ma yana da abin faɗi. Bayan fari da baƙi da ja da shuɗi da kore, Hausa tana raɗa wa launi suna ne da kalmar «ruwa»: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan hoda, ruwan bula, ruwan madara. Kowane suna yana nuna wani abu da yake tsakar gida ko kasuwa. Ashe dabarar da muka yaba wa mutanen gaɓar teku, ta tsintar launi a bakin ƙofa, tana nan a cikin nahawunmu. Duk malamin da ya gwada zai ga ɗalibi yana kawo «beige» da «turquoise» da «bleu marine» ba gargada, amma a tambaye shi algashi ko shunayya ko tsanwa, sai ya sunkuyar da kai. Wanda ba shi da sunan launi a bakinsa, ba zai iya neman sa a wajen mai fenti ba.

Misalan da suke gabanmu

Ba sai mun je nesa ba. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a Yamai a 1959, yana da gine-gine masu fasalin Hausa da aka shafe da fari da shuɗi. Launukan su ne dai na gaɓar teku, amma ba wanda zai ce aro ne, domin shuɗin yana bin zane ne a jikin bango, ga zankwaye a bisa, ga inuwar itatuwa. A jahar Tawa, masallacin Yama na Alhaji Falke Barmu, wanda aka soma a 1962, ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da ƙasa da itace kawai. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Mai cewa waɗannan na dā ne, sai ya dubi aikin Mariam Issoufou, wadda ta kafa ma'aikatar zanen gine-gine a 2014 ta raɗa mata sunan Hausa, Masomi. Ita da abokan aikinta sun kammala rukunin gidaje shida mai suna «Niamey 2000» a 2016: benaye ne na zamani, na tubalin ƙasa da aka matse da inji, masu fili a ciki da tsarin da yake kare sirrin iyali da rage zafi. A Dandaji kuma, a 2018, ta yi wa kasuwar garin rumfuna na ƙarfe masu launuka masu ƙarfi, wasu bisa wasu, suna ba da inuwa a kan ginin ƙasa. Launi mai ƙarfi kaɗan, a kan shimfiɗar ruwan ƙasa mai yawa, a cikin inuwa: wannan ƙa'ida ce da za ta yi aiki a falo kamar yadda ta yi a kasuwa.

Ba na ɓoye cewa ginin ƙasa yana da rauni. Ruwan sama na 2024 ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma rushe gidaje masu yawa a faɗin ƙasa. Wanda ya zaɓi siminti yana da hujjarsa. Amma ko a gidan siminti, zaɓin launi da tsarin ɗaki yana hannun mai gida.

Da za a nemi shawarata, sai in ce: a bar fari a saman rufi da silin, inda yake da amfani. Bangon ciki a ba shi ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, marar sheƙi, a kuma ɗaura masa gindi mai duhu har zuwa ƙugu, irin wanda muka sani a azuzuwanmu, don hannun yara. Daɓe ya ɗauki launin da ƙura ba ta tona masa asiri. Shuɗi ya shigo da zurfinsa na marina, a labule ko matashi ko ƙofa. Ruwan goro da ɗorawa da tsanwar fatar dukawa su zo kaɗan-kaɗan, kamar gishiri a miya. Tagar yamma a ƙanƙanta ta, a yi mata rumfa. A bar wa baƙo wurinsa dabam, a bar wa tsoho ɗaki a ƙasa. Saƙar kaba da faifai da tabarma da luru, waɗanda ake kwaikwayon irinsu a masana'antun waje a sayar mana da tsada, suna nan a kasuwanninmu, a hannun masu yin su. A ƙarshe, a bar bango guda ga uwargida ta jera abin da take so a sani game da ita.

Kammalawa

Hausawa suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutumin Hamton da na tsibiran Girka sun yi kukan gidansu, shi ya sa ya yi daɗin ji. Girmama su shi ne mu yi yadda suka yi: mu tsaya a bakin ƙofarmu mu dubi abin da yake gabanmu da hasken da yake sauka a kansa.

Aikin da ya rage namu ne. Malamin Hausa yana iya sa ɗalibansa su tattaro sunayen launuka daga bakin marina da dukawa da masaƙa da tsofaffin mata, a haɗa ƙaramin ƙamus. Malamin Faransanci yana iya ɗauko shafi guda na mujallar adon gida a karanta shi kamar yadda ake karanta kowane matani: wa ya rubuta, don wa, me aka nuna, me aka ɓoye? Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya ɗaukar hoton cikin tsofaffin ɗakunan Birni da na ƙauyukanmu, da izinin masu su, tun kafin damina ko magada su rushe su, a baje kolinsu inda magina da masu fenti da masu shirin gini za su gani. Mai gidan da zai miƙa wa mai fenti waya gobe, abin da ya taɓa gani shi zai nuna. Ya rage namu mu tabbatar cewa a cikin abin da ya gani akwai na gida.